Kwana Huɗu da Shekara Ashirin: Labarin Wane Gari Ne Ya Hau Kan Baƙo?

Tun gari bai gama wayewa ba Kasuwar Creek Road da ke tsohon garin Fatakwal take tashi. Jiragen ruwan Bonny da na Nembe suna ƙugi a bakin gaɓa, mata suna sauke kwandunan busasshen kifi da jatan lande, 'yan dako suna kutsawa da baro cikin taɓo. A gefe guda Bahaushe mai doya ko mai albasa ya idar da sallar asuba, ya yaye tamfol daga kan kayansa, ya jingina waya a jikin buhu ya kunna shirin safe na BBC. Da za a bi shi daga wannan Litinin zuwa ta sama ana rubuta duk abin da ya shiga kunnensa da idonsa, da an cika takarda: harin 'yan bindiga a Zamfara, inda aka kwana a shari'ar masarautar Kano, raddin da wani malami ya yi wa wani, sabon kashi na Labarina ko Izzar So, ƙwallon Ingila ranar Asabar, hotunan Gaza, sai karatun Ahalari ko Riyadus Salihin tsakanin magariba da isha'i. Mutum ne mai bin labari, babu mai ce masa jahilin duniya. Amma a duk takardar nan da wuya a tsinci Fatakwal ɗin kanta. Sau da yawa ya san sunan kwamishinan da aka sauke a Kano, bai san sunan shugaban ƙaramar hukumar da yake yankar rasiɗinta kullum ba. Ba kowa ne haka ba, akwai waɗanda suka san garin kamar tafin hannunsu, amma duk wanda ya zauna a majalisun Hausawa a Fatakwal ko Onitsha ko Enugu ya san wannan hoton ba ƙage ba ne.

Ana iya cewa wannan sha'ani ne na ra'ayi, kowa da abin da yake so ya ji, kamar yadda wani ke son shayi wani koko. Ni ban yarda ba. Abin da nake gani shi ne sanin halin garin da mutum yake kwana yake tashi haƙƙi ne da addini ya ɗora masa, kuma a jerin haƙƙoƙi yana gaban labarin nesa, ko da a jerin abin da zuciya ke so yana baya. Hujjar da aka fi kawowa a kan akasin haka ita ce hadisi na 12 a cikin Arba'una ta Imam Nawawi, wanda ya koyar da cewa barin abin da bai shafi mutum ba alama ce ta kyan Musulunci. Da shi ake rufe baki: siyasar Ribas ba ruwana, rigimar 'yan gari ba ruwana, ni nema na zo. To, amma hadisin bai ce a bar abin da ba a sha'awa ba, cewa ya yi a bar abin da bai shafi mutum ba, kuma tsakanin biyun akwai tafiya. Idan aka sa shi a kan ma'aunin gaskiya, sai ya juyo ya fuskanci mai kawo shi. Rigimar malamai biyu a wani gari da ba za ka taɓa sasanta su ba, da gadar da aka rufe a kan hanyar da motar albasarka za ta biyo gobe, wanne ne ya shafe ka? Muna kwana a kan na farko, muna kiran na biyu shisshigi.

Littattafan fiƙihun da ake karantawa a waɗannan masallatai ɗin sun riga sun yanke hukunci a kan wane ne baƙo, kuma hukuncin nasu ya fi namu tsauri ƙwarai. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibin Risala ta Ibn Abi Zaid ya sani, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri, ko abin da zai kai salloli ashirin, ya fita daga hukuncin matafiyi: zai cika sallarsa raka'a huɗu, babu sauran ƙasaru. Kwana huɗu kacal. Ga mutum ya shekara ashirin a Fatakwal, a nan aka raɗa wa 'ya'yansa suna, a nan ya binne abokan ciniki, yana cika azahar da la'asar ba tare da ya ko yi tunanin ƙasaru ba, amma da an taɓo zancen gari sai ya ce ai baƙo raɓa ne. A salla mazauni, a haƙƙin gari ɗan ci-rani. Kuma ba a nan kaɗai shari'a ta ɗaure mutum da ƙasar da ƙafarsa ke kai ba. Ba ya buɗe baki a Ramadan don ya ji an kira magariba a rediyon Kano, sai ranar Fatakwal ta faɗi. Zakkar fid da kai daga abincin da ya rinjaya a garin ake fitar da ita. Zakkar dukiya kuwa, asalin hukuncinta a Malikiyya a raba ta inda ta wajaba, ba a ɗauke ta zuwa nesa sai idan na can sun fi buƙata. Wani zai yi caraf ya ce ai kuwa na ƙauyenmu sun fi buƙata, kuma sau da yawa gaskiyarsa ne. Amma kalmar "sun fi" gwaji ce tsakanin abu biyu, kuma wanda bai san talakan bayan rumfarsa ba bai gwada komai ba, zato kawai ya yi.

Daga nan sai maƙwabci. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da kyautatawa ga maƙwabci na kusa da kuma wanda babu dangantaka tsakaninka da shi, kuma malaman tafsiri irin su Ƙurɗubi sun bayyana cewa wanda ba Musulmi ba yana ciki. Matar Kalabari mai kifi da ke dama da kai, da Ba'ibon da ke sayar da leda a hagu, da mai gidan haya ɗan Ikwerre, duk maƙwabta ne da sunan shari'a, ba da sunan ladabin zaman kasuwa ba kawai. Malaman usulu kuma suna da ƙa'ida sananniya, cewa duk abin da wajibi ba ya tabbata sai da shi, shi ma ya zama wajibi: idan alwala ta wajaba, neman ruwa ya wajaba. Ba a yi wa mutum jaje a kan masifar da ba a ji ba, ba a kuma kawar masa da cutar da ba a san da ita ba. Hadisin nan da ya yi gargaɗi ga mai kwana a ƙoshe maƙwabcinsa na kwana da yunwa, a wata ruwayar an ƙara sharaɗin cewa yana sane. Wannan sharaɗi rangwame ne ga wanda abin ya ɓoyu gare shi, ban ga yadda zai zama mafaka ga wanda ya tsara rayuwarsa yadda ba zai taɓa sani ba. A watan Agustan 2009 aka rushe unguwar bakin ruwa ta Njemanze, a ranar 12 ga Oktoba na shekarar jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan masu zanga-zangar ƙin rusau a Bundu, wadda ba ta da nisa da Creek Road, a 2012 kuma aka rushe Abonnema Wharf. Dubban mutane suka rasa matsuguni, kuma irin mutanen nan ne masu sayen doya ƙwaya ɗaya da albasar naira kaɗan. Wanda ya ga ciniki ya ja baya bai tambayi ina masu sayen suka koma ba, ya yi asara biyu, ƙaramar ita ce ta aljihu.

Babu abin da ya tona asirin kalmar "ba ruwana" kamar baƙin hayaƙin da ya fara lulluɓe Fatakwal a ƙarshen 2016. Mutum ya wanke farar riga ya shanya, kafin ta bushe ta yi ɗigo-ɗigon baƙi. A share tabarmar masallaci da asuba, kafin azahar goshin mai sujada ya ɗauko toka. Mai alwala ya shaƙa ruwa ya fyace, ya ga abin da ya fito baƙi ƙirin a tafin hannunsa. Hayaƙin nan, wanda aka danganta yawancinsa da matatun ɗanyen mai na ɓoye da ake kira kpofire da kuma ƙona su da jami'an tsaro ke yi in sun kama, bai tambayi kowa takardar shaidar asali ba kafin ya shiga huhunsa. Mutanen gari sun yi ta kuka da zanga-zanga shekaru, sai a farkon 2022 Gwamna Nyesom Wike ya ƙaddamar da farmaki a kan matatun. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a guda biyar da malamai suka lissafa. Idan haka ne, labarin iskar da 'ya'yan mutum ke shaƙa labarin addini ne, ko da a The Tide aka buga shi, ko a Wazobia FM aka faɗe shi da Turancin buroka.

Tarihin Musulunci yana da misalin da ya yi daidai da wannan zama kamar an auna. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha baƙi ne, 'yan tsiraru, a ƙasar Kiristoci, masu wani harshe daban, zukatansu kuma suna Makka. Littattafan Sira sun kawo daga Ummu Salama cewa lokacin da wani ya tayar wa Najjashi, sarkin ƙasar, da yaƙi yana neman mulkinsa, ba su ce rigimar 'yan ƙasa ce ba. Sun nemi wanda zai je ya gano musu, Zubairu ɗan Awwam, wanda yana cikin mafi ƙarancin shekaru, ya ɗauki nauyin. Aka hura masa salka ya rungume ta ya ƙetare kogi, ya halarci fagen, su kuma suna addu'ar Allah ya ba sarkin nasara, har ya dawo musu da bushara. Abin lura shi ne waɗannan mutanen dai sun taɓa jin labari daga gida cewa Ƙuraishawa sun musulunta, wasunsu suka tattara suka kama hanya, sai da suka kusa Makka suka tarar zancen ba haka yake ba. Labarin gida ya zo musu a bakin mutane ya yaudare su, labarin garin da suke zaune kuwa sun aika ido ya gano.

Mai ja zai ce, da gaskiyarsa, zumunci fa? Uwa tana Batsari ko Tsafe, ƙanne suna kan hanyar gona inda ake ɗauke mutane, kuɗin da ake nema a Creek Road ma don su ake nema. Yaya za a ce da mutum ya rage sauraron Arewa? Ya kuma ƙara da cewa al'umma jiki ɗaya ce, kuma farkon Suratur Rum shaida ne cewa Musulmin Makka sun damu da yaƙin Rumawa da Farisawa da ake yi nesa da su. Duk wannan haka yake, kuma ba wanda ya ce a kashe BBC. Sai dai a bambanta labarin da ke haifar da aiki da wanda ke haifar da tafasar zuciya kawai. Kiran uwa a ji lafiyarta, da sanin ko hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta biyu kafin a ce wa ƙane ya taso, wannan zumunci ne. Kallon bidiyon gawarwaki sau goma a tura wa rukuni biyar ba zumunci ba ne, ba ya kuma ceton kowa. Akwai kuma wani bambanci da ya fi wannan nauyi a shari'a. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta wajabta bincike kafin a yi aiki da labari, aya ta 83 a Nisa'i ta zargi masu watsa zancen aminci ko na tsoro ba tare da mayar da shi ga masu iya tantancewa ba, Imam Muslim kuma ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa faɗin duk abin da aka ji ya isa a kira mutum maƙaryaci. Labarin kusa shi ne wanda za a iya cika wannan umarni a kansa. In an ce ana faɗa a Mile 3, akwai wanda za a kira a can, akwai direban da ya fito daga can yanzu; gani ya kori ji. Bidiyon da aka ce daga wani ƙauye ne mai nisan kilomita dubu, ba kwanan wata, ba sunan wanda ya ɗauka, da me mai albasa zai tantance shi? Mun fi yawan yaɗa abin da ba mu da ikon bincikawa, mun fi sakaci da abin da ƙafa za ta iya kai mu.

Hausawan Onitsha sun san farashin labarin nesa fiye da kowa. A watan Satumban 2005 wata jarida a Denmark ta buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A ranar 18 ga Fabrairun 2006 zanga-zanga a Maiduguri ta rikiɗe ta zama kashe-kashe da ƙona coci-coci, kwanaki kaɗan bayan haka, da gawarwaki da labari suka isa Kudu, aka far wa 'yan Arewa a Onitsha, aka kashe mutane da yawa, aka ƙona masallatai, waɗanda suka tsira suka fake a barikin soja ko suka ƙetare gada zuwa Asaba. Mai shayin da aka kashe a bakin gadar bai taɓa ganin Denmark ba, kamar yadda Ba'ibon da aka kashe a Maiduguri bai yi zanen ba. Haka aka sake gani a 2017: wa'adin barin Arewa da wasu matasan Arewa suka ba 'yan ƙabilar Ibo daga Kaduna a watan Yuni, da rikicin da ya taɓa Hausawan Oyigbo a watan Satumba. Bahaushen Kudu shi ne wanda ake fara bi bashin abin da aka yi a inda ba ya nan. Wannan kaɗai ya isa ya sa ya zama mafi taka-tsantsan a cikin Hausawa wajen tura saƙo, kuma mafi sanin fuskar maƙwabtansa da abin da ake faɗa a rediyonsu.

Akwai wata hujjar da ta fi waɗancan ƙarfi, kuma ba ta da cikakkiyar amsa. Ita ce ta dattijon da zai ce: ku yara ba ku san garin nan ba, zaman lafiyar baƙo shi ne ya sunkuyar da kai. Ƙasar da ta raba mutane gida biyu, 'yan asali da 'yan zama, ba ta ba shi kujera ba, don me zai sa baki? Kuma sanin gari bai hana a kashe mafarauta 16 a Uromi a ƙarshen Maris na 2025 ba, suna kan hanyarsu daga Ribas zuwa Kano don yin salla. Gaskiya ne sani ba laya ba ne, kuma ban kafa maganata a kan cewa yana hana mutuwa ba. Na kafa ta a kan cewa haƙƙi ne. Amma dattijon ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne: sanin abin da ke gudana daban, ɗaukar ɓangare daban. Sahabban Habasha ba su ɗauki takobi ba, labari suka nema. Lokacin da Shugaba Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a Ribas ranar 18 ga Maris 2025, ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara na wata shida ya naɗa Ibok-Ete Ibas ya riƙe jihar, ba a buƙaci mai doya ya zaɓi tsakanin Fubara da Wike ba, amma yana buƙatar ya san wa ke riƙe da ƙananan hukumomi, domin daga nan masu karɓar haraji ke fitowa. Zaman gida na ranar Litinin da ƙungiyar 'yan aware ta IPOB ta fara a Agustan 2021 ya koya wa duk direban da ke sauke kaya a Onitsha ko Enugu cewa jahiltar kalandar gari na iya cin mota da rai. Sunkuyar da kai ma sai da ilimi, don wanda bai san inda rami yake ba bai san inda zai kauce ba. Kuma ba kullum aka sunkuyar ba: Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya shiga jam'iyyar NCNC, ya zama magajin garin Enugu na farko a shekarun 1950, da ƙuri'un mutanen da ba harshensa suke yi ba. Na san Najeriyar da ta zaɓe shi ba ita ce ta bayan 1966 ba, kuma ba a gina hukunci a kan mutum ɗaya. Abin da ya nuna kawai shi ne katangar ba daga sama aka saukar da ita ba.

Saura batun harshe, kuma a nan ne laifin ya fi sauka daga kan mutum ɗaya ya koma kan jama'a. Labarin Fatakwal da Turanci da buroka yake fita, a Radio Rivers da Nigeria Info da shafukan jaridu, kafofin Hausa kuwa ba safai suke waiwayar Kudu maso Gabas da yankin Neja Delta ba sai jini ya zuba. Dattijon da ya zo da girmansa, karatunsa na allo da ajami ne, ba za a ce ya yi zunubi don bai bi muhawarar majalisar jiha ba. Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Amma abin da ya gagari ɗaya ɗaya yakan koma farali na kifaya, wanda in babu mai yi kowa ya ɗauki alhaki. Kayan aikin kuwa suna nan a ƙasa. Akwai Sarkin Hausawa da shugabannin 'yan doya da 'yan albasa da mahauta, waɗanda dama su ake kira ofis in an rufe mayanka ko an tashi kasuwa. Akwai samarin da aka haifa a can, buroka a bakinsu kamar ruwa, wasu har da Ibo, waɗanda ake yi wa kallon sun lalace alhali su ne salkar da za a ƙetare kogin da ita. Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, ɗaya daga dalilan kafa ta shi ne kashe jita-jita da sahihin labari cikin harshen da mutane ke ji, kuma a lokacin sai da injin buga takarda. Yau waya ɗaya ta isa. Rukunin WhatsApp na 'yan kasuwa da ke cike da bidiyon da ba a san asalinsu ba zai iya ɗaukar saƙon murya na minti uku kowace safiya: an rufe hanya kaza, hukuma ta ce kaza game da kasa kaya a bakin titi, gobara ta ci rumfunan su wance a layin kifi, za a je jaje bayan la'asar. Lasifikar masallacin Juma'a ma tana da gurbin sanarwa bayan an sallame, inda ake faɗin ɗaurin aure da jana'iza da cigiyar yaro, kuma mutane sukan tsaya su ji kafin su nemi takalmansu.